Hannun da Ba Safa

Ku matso, ku rage murya. Hansatu, ajiye wayar nan, magana nake.

Shekara talatin da biyar ina kiran sunan ɗalibai, ban taɓa kuskuren ƙirga kawuna ba. Ranar da aka yi mini aikin ƙari a cinya, mutum biyar suka shiga ɗakin tiyata. Biyar.

Rabin jikina kawai aka kashe, idona biyu. Likita Ɗanjuma ya yi mini allurar wani rini, ya ce zai taru inda cutar take. Aka kashe fitilu. Aka saukar da kyamara mai ganin hasken da ido ba ya gani. A allo, ƙarin ya haska kore shar.

Ya yanka, ya cire. Allo ya yi baƙi.

"Mun gama, Baba," in ji shi.

Sai ɗakin ya yi sanyi. Na juya kai, na ƙirga. Shida.

Ta shidan tana sanye da kayan nas. Na dubi ƙasa. Kofato ne.

A allo wani hannu ya bayyana, ba safa, yatsu dogaye. Ya ɗaga tsoka. Ɗigon kore ya fito, bai kai ƙwayar gero ba.

"Tsaya," likita ya ce wa mai miƙa masa zare. "Akwai saura."

Ta sunkuyo kunnena. Muryarta kamar daga cikin rijiya.

"Malam, na nuna naka. Ka gaya musu. Ruwan zafin da suke wanke almakashi da shi, su daina zubarwa a magudana ba bismilla. 'Ya'yana na can. In suka ci gaba, na majinyaci na gaba rufewa zan yi, ba mai gani."

Na gaya musu washegari. Kun san abin da suka rubuta a katina? Ruɗanin allura! Ni! Na ce a kunna hoton aikin, a ƙirga hannuwa a gabana. Wai na'urar ba ta ajiye ba. Wasiƙa huɗu na rubuta wa shugaban asibitin, ko amsa babu. Ba diyya nake nema ba. A goge ƙaryar nan daga katina, a tsawata wa masu wanke kaya.

Shekaranjiya na zagaya bayan ginin. Magudanar tana tururi.

Hansatu, ranar Laraba za a shiga da mahaifiyarki tiyata a can. Kada ki bar ta ta bi barandar ɗakin tiyatar ita kaɗai. Ni kuwa zan ɗauki kujera in zauna bakin magudanar, in ga wanda zai zuba.