Hannun Kuɓewa

Ranar Asabar ce ta farkon Satumba, ana yayyafi a jihar Mississippi ta Amurka, Tavaris ya fara ganin Renita a bakin filin wasan jami'arsu, inda ake ƙwallon Amurka da ake runguma a hannu, tana taya mahaifinta soya tarwaɗa. Sau uku ya koma saye, ba don yunwa ba.

Mahaifin, Mista Odell, ya gano shi. "Ba kai ne ƙwallo ta suɓuce wa bara ba, Hannun Kuɓewa? Ka kasa riƙe ƙwallo, 'yata za ka riƙe?"

Shi mijin da yake so wa 'yarsa Keshawn ne, ƙaton ɗan wasan jami'ar da suke hamayya da ita.

Duk da haka soyayya ta ƙullu. Ana gobe karawar jami'o'in biyu, saƙon Renita ya shigo: "Zumana, Baba zai zo kallo. Ya ce in ƙwallo ta sake faɗuwa daga hannunka, kada ka ƙara taka ƙofarmu."

"Reni tawa, sai dai hannun ya tsinke," ya mayar.

Ana dab da tashi daga wasan, Tavaris ya rungumi ƙwallo ya zuba da gudu. Keshawn ya banke shi. Ta faɗi.

Ya yi tsalle ya danne ta, Keshawn ma haka, ƙattai suka rufto musu. Can ƙarƙashi babu idon alƙali, sai duhu da gumi da yaƙushi.

"Saki, yaro," Keshawn ya raɗa masa. "Zan gayyace ka bikin."

Ya kama ɗan yatsan Tavaris ya murɗe, ƙashi ya ce ƙas. Tavaris ya ga wuta, amma ya san doka: wanda aka tarar da ita a hannunsa, tasa ce, in mutum biyu suka riƙe tare, sai ta koma ga waɗanda take hannunsu kafin ta faɗi. Ba sai ya ƙwace ba. Kada dai ya saki.

Alƙalai suka riƙa ɗaga mutane ɗaya bayan ɗaya. A ƙasa suka tarar da hannu huɗu a kan ƙwallo ɗaya. Babban alƙali ya nuna: ta su Tavaris ce.

Bayan wasa ya sami Renita a bakin ƙofa, ido jajir, mahaifinta a gefe.

"Ta faɗi, yallaɓai," ya ce, kai a ƙasa.

Mista Odell ya daɗe yana kallon kumburarren yatsan. "Na gani. Kowa abu na faɗo masa. Na kuma ga wanda aka karya wa yatsa bai saki ba. Ka zo cin abinci ranar Lahadi, ɗana."

A watan Mayu aka ɗaura aure a cocinsu, tsohon da kansa ya damƙa masa hannunta, ya sa musu albarka.

Abin da aka rasa: wasan, da tazarar maki uku, yatsa ɗaya da bai ƙara miƙewa ba, da sunan Hannun Kuɓewa.