Idanun Matar Auta

Wayyo Allah! Matar Auta tana durƙushe a bakin famfo, ga tulin wanki a gabanta, ga cikin wata bakwai ya rinjaye ta, tana gurza tafin ƙafarta a jikin siminti har jini ya tsattsafo. Ƙaiƙayi ya hana ta sakat, hannu da ƙafa kamar an zuba mata tururuwa. Farin idonta ya koma rawaya, fitsarinta ya yi duhu, abinci ko ƙamshinsa ba ta so... Marainiya ce, ba ta da inda za ta kai kuka, mijinta kuma direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai ga gida ba.

Da can Inna, surukarta, riƙon ƙwai take yi mata, ko bokiti ba ta bari ta ɗaga. Abin da ya tsone wa faccalarta, matar babban wa, ido ke nan. "Haihuwa uku na yi a gidan nan, wa ya taɓa ce min sannu?" Ranar da ta raka ta awo, jiri ya zaunar da matar Auta a benci, sai faccalar ta shiga karɓo sakamakon jini. Nas ta ce ciwon shawara ne, a kwantar da ita yau ɗin nan. Muguwar ta yayyage takardar, ta fito tana murmushi: "Tashi mu tafi, 'yar gata, sun ce lafiyarki ƙalau." A gida kuwa ta raɗa wa Inna cewa ƙwayar ƙara haske yarinyar take sha, wai don ta haifi farin ɗa ta fi kowa.

"Dubi idonki kamar na mage!" in ji Inna. "Jikana za ki kashe saboda ƙawa?"

"Wallahi Inna ban sha komai ba! Yaya, ki faɗa mata mana..."

"Ni 'yar gadinki ce?" faccalar ta taɓe baki.

A bakin famfon nan naƙuda ta kama ta, jini ya ɓalle. "Ya Allah, Kai ne gatan maraya, Ka bar min ɗana!" Ba ta ƙara sanin inda take ba. Aka kwashe ta sai asibiti, aka kira Auta a waya ya juyo. Likita ya ce hantarta ta wahala, uwa da ɗa duk suna tsakanin rai da mutuwa. Inna ta fara zancen ƙwaya, likitan ya girgiza kai. Sai ga nas ɗin ranar awo ta tsaya cak tana nuna faccalar, wadda ke tsaye kusa da mijinta.

"Ba ke na danƙa wa takardarta ba? Na ce a kwantar da ita, kika ce kuɗin gado za ki ɗauko!"

Babban wa ya dubi matarsa. "Kada na koma gida na tarar da ko tsinkenki."

Allah ya sa ta haihu, ɗan ya zo da rai. Kwana tara jaririn ya yi a kwalba, ɗan mitsitsi, yana numfashi da ƙyar, uwar kuma ana ta ƙara mata jini. Ranar ta goma aka ɗora mata shi a ƙirji, ya lalubi nono ya kama. Inna ta durƙusa a gaban gadon tana hawaye.

"'Yata, ki yafe min..."

"Tashi Inna," ta ce cikin kuka da dariya. "Karɓi angon naki, ya ƙoshi."