Wayar Da Ta Haɗiye "Ba"

Wayarta ta kawo gyara shagonsa. Ya yi ta magana ba ta amsa ba, sai ta nuna kunnenta ta girgiza kai. Kurma ce, tela a layin bayan kasuwa.

Da mai gyaran ya gama, ya sa mata wata sabuwar manhaja mai mayar da magana rubutu. Ya ce, "Sannu da zuwa." Kalmomin suka fito a wayar. Ta kalle su, ta kalle shi, idanunta suka ciko.

Tun daga ranar kullum yana shagon ɗinkinta. Yana ce mata Farin Wata, ita kuma tana kiran sa Malam Surutu.

A gida kuwa babu daɗi.

"Mutum ya yi magana, ƙarfe ya rubuta?" in ji babanta. "In an cuce ki wa za mu kama, shi ko wayar?"

Yayanta, wanda tun suna yara shi ke fassara mata komai da hannu, ya ɗauke mata wuta. Gani yake an ƙwace masa ƙanwa.

Wata rana janareta na ruri a kasuwa, saurayin ya ce, "Ko Baba ya ƙi, ba zan bar ki ba."

Wayar ta rubuta: "Baba ya ƙi, zan bar ki."

Ta rufe shago ta tafi. Saƙo ɗaya ta turo masa: "Na gode da ka faɗa da bakinka. Kada ka sake zuwa." Ta toshe lambarsa. Ta daina cin abinci, ta rame.

Da ya rasa yadda zai yi, ya tafi wurin yayan.

"Yaya, koya mini maganar hannu."

"Au, wayar taka ta gaza ke nan?" Ya daɗe yana hararar sa, sannan ya ce, "Miƙo hannun."

Ranar da saurayin ya zo gidan, a gaban Baba ya tsaya, ya yi mata magana da hannu: ba zan bar ki ba, Farin Wata. Ya kuskure, maimakon wata ya nuna faranti. Ta fashe da dariya, ta ɓarke da kuka.

Baba ya dubi saurayin ya ce, "Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure, tsohon ya karɓi wayarta, ya matso da ita bakinsa.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya ba ku zaman lafiya." Ya juya ga ango. "Kai, duba mini. Ta rubuta daidai?"