Barsu Ya San Ka

"Nuriyya... Hajiyarmu ta ce ki zaɓa. Ko ni, ko karen."

Nafi'u ne a zaurenmu, idanunsa sun yi ja. Na ce ya maimaita, ya kasa.

Karen da ake magana sunansa Barsu. Babana ya rene shi a Azagor yana bin awaki da shi, da ya rasu muka dawo Dakoro ni da Inna, muka taho da shi. Dogo ne siriri, irin na gudu, amma ina wurin gudu a garin nan? Filin bayan lakwal, makarantar boko, an yanka shi parsal-parsal na gina gidaje an ja katanga, bayan gari kuwa tun damina ko'ina gona. Wata huɗu yana ɗaure gindin itacen bedi yana zagaye wuri guda.

Abin haushin, Barsu ne ya haɗa ni da Nafi'u. Da rani Nafi'u ke ɗaukar mu a moto ya kai mu kan tudun rairayi, mu saki karen mu zauna muna hira. Sai ga Rahinatu, ɗiyar ƙanwar Hajiya mahaifiyar Nafi'u, wadda ta daɗe da sa ido a kansa, ta je ta shirga mata cewa ƙwarya ɗaya nake shan hura da kare. Ni! Wallahi ko ludayina bai taɓa lasa ba.

"Haƙuri za ki yi, abar ƙaunata," in ji Nafi'u. "Saura kwana goma sha biyu a saki gonaki. Makiyaya za su gangaro, abokina Samba na Tagriss zai karɓe shi."

Na yarda, don ina son Nafi'u kamar in mutu.

Sai dai Barsu ya daina cin abinci. Igiya ta ci wuyansa har ya yi gyambo, ba ya haushi, sai ya bi ni da ido duk inda na yi. Saura kwana uku na kasa daurewa. Da hantsi na ja shi bakin gari na kwance shi, na ce ya ɗan miƙe ƙafa kawai.

Ya ruga, wayyo Allah, irin gudun da na manta yana da shi. Ina dariya ina hawaye, ban lura ya nufi gonar Elhaji, mahaifin Nafi'u, inda ake roron wake ba.

Kare ramamme, ga gyambo ga dalala, ya faɗo cikin mutane da gudu. Wani ya yi ihu mahaukacin kare ne, kowa ya rarumo sanda. Shi kuwa Barsu, da ya hango Nafi'u, wurinsa ya nufa yana kaɗa wutsiya.

Ina tahowa ina kiran sunansa, ina ganin komai. Nafi'u ya dubi karen, ya dubi Elhaji, ya sunkuyar da kai. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da su, bai faɗe ta ba. Kafin in iso an gama.

A zanena na naɗe shi na kai gida, ni da Inna muka haƙa masa rami. Laifina ne da na kwance shi, na sani, har gobe ban yafe wa kaina ba.

Bayan la'asar Nafi'u ya yi sallama. Ya yi ta ba ni haƙuri, wai kunyar Elhaji ce ta ɗaure masa baki. Can ya ƙara da cewa Hajiya ta sauko, tunda abin da ya tsaya a tsakani ya kau.

"Zuciyata... jibi za a zo neman aurenki."

Na dube shi, son nan yana nan bai ragu ba, shi ya fi ci mini rai.

"Nafi'u, cikin mutum ashirin Barsu ya san ka. Kai ne ba ka san shi ba. Ranar da suka taso mini a gidanku, haka za ka sunkuyar da kai?"

 Ya sake sunkuyar da kai.

Na ce ya gaya wa Hajiya kar su wahalar da kansu, na shige gida na bar shi a zauren.