Kwana Uku a Ruwan Zafin Piešťany

"Ajiye jakar nan, Blanka! Da ke nake magana!"

Blanka ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da ninke tawul tana cusawa cikin jaka. Mahaifiyarta, Vlasta, tana tsaye a ƙofar ɗaki da ludayi a hannu, miyar kabeji na tafasa a kicin babu mai bi ta kanta.

"Mami, kwana uku ne fa kawai. Ran Litinin muna gida."

"Kwana uku! Ai haka ake farawa. Yau kwana uku, gobe wata uku, sai ki farka ki ga furfura a kanki kina canza wa namiji zanin gado. Ni za ki gaya wa?"

Duk unguwarmu ta bayan tashar jirgi a Nitra babu wanda bai san zancen Blanka da Radovan ba. Shi mai aikin rufin gidaje ne, dogo, mai yawan dariya, ita kuma tana koyarwa a makarantar ƙananan yara. An sa bikinsu watan Yuni, har an ɗinka riga. Sai a watan Maris ya zame daga saman wani gida mai hawa biyu, ya bugu a gadon baya. Tun daga ranar ƙafafunsa suka daina jin maganarsa. Likitoci suka ce ƙila ya taka, ƙila kuma ba zai taka ba. Ga shi har an shiga Oktoba yana kan keken guragu.

Ita kuwa Vlasta ba muguwar mace ba ce. Mijinta Imrich ya yi shekara goma sha ɗaya a kwance da shanyewar ɓarin jiki kafin ya rasu, ita kaɗai ta yi jinyarsa. Bayanta ya ranƙwafe tun ba ta cika hamsin ba.

"Shekara goma sha ɗaya, Blanka! Mutum yana fara jinya da so, ya ƙare da roƙon Allah ya raba. Kin san na taɓa roƙon haka a kan babanki? Na roƙa! Ba zan zuba ido ki zama ni ba."

Blanka ta zuge jakar, ta zo ta sumbaci kumatun uwarta da ke jiƙe da hawaye.

"Ki yi min addu'a, Mami."

"Ba zan yi ba!" in ji Vlasta, ta juya kicin.

Yayan Radovan ne ya ɗaga shi ya sa a mota, ya naɗe keken ya tura a but. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, amma Blanka ji ta yi kamar wuni. Makonni shida ke nan Radovan ya canza mata. Ba ya ɗaga waya sai ta kira sau uku, in ta zo gidansu ya ce barci yake ji. Ita ta sa a ranta cewa zaman ɗaki ne ya ishe shi, shi ya sa ta kama musu ɗaki mai gado biyu a wani ƙaramin masauki kusa da kogin Váh a garin Piešťany, ta kuma yi masa rajistar shiga ruwan zafi da shafa taɓon magani.

Da yamma ta tura shi zuwa gadar da ke kaiwa tsibirin wanka. Warin farar wuta ya cika iska, ganyaye sun zube jajaye a kan hanya, tsofaffi na tafe biyu-biyu da sanduna. A bakin gadar ya ɗaga kai ya dubi wani gunki na mutumin da ya warke yana karya sandar guragu a gwiwarsa.

"Kin ga gwanin naku? Da tagulla aka yi shi, shi ya sa ya iya."

"Haba Radko! Ka bari mu gwada mana."

"Ki gwada ke kaɗai. Ke kike da ƙafa."

Ta saya masa oblatka mai ɗumi, irin siririyar wainar nan mai zaƙi da yake so tun yana yaro. Ya riƙe ta a hannu har ta huce, sannan ya marmashe wa agwagi.

Washegari Asabar ƙarfe goma aka ba su a wurin wanka. Blanka ta shirya komai, ta tura shi har ƙofar ginin, sai ya damƙe tayoyin keken da hannu biyu.

"Ba zan shiga ba. Kai ni can bakin ruwa, magana zan yi da ke."

Ta kai shi kusa da wani benci ta zauna. Bai dube ta ba. Ya zare zoben alkawari daga yatsansa ya ɗora mata a cinya.

"Na fasa, Blanka. Ba na son ki kuma."

"Me ka ce?"

"Kin ji ni. Na gaji da ganin fuskarki, na gaji da tausayinki. Ki kira yayana ya zo ya ɗauke ni."

"Ƙarya kake! Radko, dube ni ka faɗa. Dube ni!"

Ya ƙi. Ta durƙusa a gaban keken, a kan jiƙaƙƙen ganye, ta kama hannuwansa. Masu wucewa suka fara waiwaye, ita ko a jikinta.

"Me na yi maka? In zuwan nan ne ba ka so, sori, mu koma yanzu-yanzu. In surutuna ne zan yi shiru. Wata bakwai ban yi barci mai daɗi ba, ban taɓa cewa na gaji ba — sai yau kai za ka ce ka gaji da ni?"

"Wata bakwai!" Ya yi wata dariya mara daɗi. "Wata bakwai har wani abu ne? Jira shekara goma sha ɗaya tukuna. Mutum yana fara jinya da so, ya ƙare da roƙon Allah ya raba."

Blanka ta saki hannunsa a hankali. Kukan ya tsaya mata cak.

"Wa ya gaya maka wannan maganar?"

Ya kawar da kai.

"Wannan ba bakinka ba ne, Radovan. Jiya-jiyan nan aka gaya min ita a gida, kalma ɗaya ba ta canza ba. Mami ta zo wurinka, ko?"

Nan ƙaton nan ya rufe fuska da tafukansa ya fashe da kuka, kafaɗunsa na jijjiga. Da ƙyar maganar ta fito. Ashe a ƙarshen Agusta, ranar da Blanka ta je taron malamai, Vlasta ta same shi a gida shi kaɗai. Ba ta zage shi ba. Durƙusawa ta yi a gaban kekensa, ta nuna masa hannayenta, ta ba shi labarin shekarun da ta yi har da abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Sannan ta ciro gicciyen wuyanta ta ɗora hannunsa a kai, ta ce in yana son 'yarta da gaske ya rantse zai sake ta.

"Na rantse, Blanka. Tsohuwa a durƙushe a gabana tana kuka — me zan ce mata? Kuma gaskiya ta faɗa! Dube ni, ko banɗaki ba na iya zuwa sai an kai ni!"

"To ni fa? Ku biyu kun zauna kun yanka rayuwata kun raba, babu wanda ya tambaye ni?"

"Rantsuwa ce. Ba zan karya ba."

Ta san shi. Radovan ko alkawarin gyaran bututu ya yi wa maƙwabci sai ya cika, balle abin da ya dafa gicciye a kai. Ta miƙe, ta ɗan matsa gefe, ta kira gida.

"Mami, na san kin je wurinsa."



"Na je," in ji Vlasta. "Kuma da za a sake, zan sake zuwa."

"Ba zan yi miki rashin kunya ba, Mami. Ba zan aure shi ba sai kin sa albarka. Amma ki sani, ba zan auri kowa ba bayansa. Zan zauna a gabanki in tsufa, in jira."

"Kin haukace! Gobe da bas ɗin farko ina nan tafe, ƙafata ƙafarki!"

Har Radovan ya jiyo ihunta ta wayar daga inda yake. Ranar haka ta ƙare musu babu ci babu magana.

Lahadi da safe ƙararrawar coci na kaɗawa Blanka ta sauka karɓo musu burodi da kofi. Ko minti goma ba ta yi ba. Tana buɗe ƙofa tiren ya suɓuce daga hannunta. Radovan na yashe a ƙasa tsakanin gado da bango, keken ya kife a gefe, goshinsa na jini. Ashe so ya yi ya hau keken da kansa ya gudu tasha kafin Vlasta ta iso.

"Yesu da Maryamu! Radko!"

Ta sunkuya ta kama shi ta hammata ta ja. Ko motsi bai yi ba. Ta sake ja da duk ƙarfinta, wani zafi ya soke ta a ƙugu, ta yi ƙara suka zube tare.

"Bar ni!" yake cewa. "Bar ni a nan, Blanka, ki tafi! Kin gani ko? Kin ga abin da ake gaya miki?"

"Ba inda za ni!"

Ta sake sunkuyawa tana kuka, ƙafarta na santsi a cikin kofin da ya zube.

"Ke! Tsaya nan! Haka ake ɗaga mutum? So kike ki karya bayanki?"

Vlasta ce a bakin ƙofa, da kot ɗinta na zuwa coci da jaka a hannu. Ta jefar da jakar, ta naɗe hannun riga, ta tayar da keken ta danne birki.

"Matsa! Ba da baya ake ɗagawa ba, da gwiwa ake yi. Kai kuma daina kukan banza, hannayenka ai lafiyarsu ƙalau. Dafa gadon nan. Blanka, naɗe tawul ki zagaya masa a ƙugu, riƙe can in riƙe nan. Lanƙwasa gwiwa na ce! Ɗaya, biyu — tashi!"

Sai ga Radovan zaune a kan keke kamar ba a sha wuya ba. Vlasta ta jiƙa hankicinta ta goge masa goshi, ta gyara masa ƙafafu a kan mataki, ta cusa filo a bayansa ba tare da ta ko duba ba. Hannayenta sun san aikin. Da ta gama sai ta tsaya tana kallonsu, ta zauna a bakin gado.

"Ni babu wanda ya koya min," ta ce a hankali. "Sau nawa muka faɗi ni da Imrich, mu yi awa biyu a ƙasa ina kiran maƙwabta babu mai ji. 'Yan'uwansa sun zo sau biyu suka ɗauke ƙafa. Ni kaɗai, Blanka. Ni kaɗai!"

Blanka ta rarrafo ta ɗora kai a cinyarta.

"Na sani, Mami, ina ƙarama amma ina gani. To ni ai ba ni kaɗai ba ce. Ina da ke. Ko ba ni da ke?"

Vlasta ta dafa kanta. Radovan ya share fuska ya ce, "Anti Vlasta, kada ku damu. Na yi muku rantsuwa, ina nan a kanta."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa, da jinin da ke sake tsattsafowa a goshinsa.

"Gudu za ka yi a kan keken nan don ka cika min alkawari?"

"Eh."

"Sakarai! Da ka faɗa kogi fa?" Ta ciro gicciyen wuyanta, ta kama hannunsa ta ɗora a kai. "Ni na ɗaure ka, ni na kwance ka. Allah ya yafe min. Amma da sharaɗi: yau za ka shiga ruwan nan, gobe ma ka shiga, duk abin da likita ya ce ka yi shi ko kana kuka. In na ji ka ce ka gaji, ni da kai ne!"

Ranar da rana ma'aikata biyu suka saukar da shi cikin ruwan zafi. Tururi na tashi, ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, ruwan ya ɗauke masa nauyi. Karo na farko tun watan Maris Blanka ta ga tsayinsa a miƙe. Bai taka ko ɗaya ba, kuma wata mai gashin ƙashi ta wurin ta gaya musu gaskiya cewa ruwa kowa yake tallafawa, kada su ɗauka an warke. Amma da ya waiwayo yana dariya irin tasa ta dā, Blanka ta rungume uwarta ta baya, su duka biyu suna kuka.

Abin bai zo da sauƙi ba. Shekara biyu aka yi ana kai da kawo tsakanin Nitra da Piešťany. Akwai watannin da babu wani ci gaba, akwai ranar da Radovan ya yi jifa da farantin abinci, Vlasta ta sa shi ya share da kansa daga kan keke. Ƙafar dama ta fara amsawa, ta hagu har yau jan ta yake. Rufin gida kam ya bar shi har abada, yanzu a ofishin wani kamfanin gini yake zana wa wasu.

An ɗaura aurensu wata Asabar a watan Mayu. Da sanduna biyu ya shiga coci, a hankali, gumi na zuba, jama'a sun yi tsit har ya kai gaban bagadi. Wadda ke bayansa taku ɗaya, hannunta a buɗe ko da zai faɗi, surukarsa ce.

'Yan'uwana matasa, ku lura da Blanka. Ba ta zagi uwarta ba, ba ta kuma yar da masoyinta ba; ta faɗi gaskiyarta ta tsaya ta yi haƙuri, har Allah ya ba ta su duka biyun. Ku kuma iyaye, sau da yawa tsoron abin da ya same ku ne ke sa ku tare wa 'ya'yanku hanya. Wahalar da kuka sha ilimi ce a hannunku. In kun ga ɗanku ya ɗauko kaya mai nauyi da zuciya ɗaya, ku matso ku nuna masa inda ake kamawa.