Gudumar da Ke Hannun Auta

Kafin Sufeto ya iso shagon kafinta, mutanen layi sun riga sun yanke hukunci da sanduna. Sun farfasa wa Auta baya, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Yana durƙushe a bakin ƙofa riƙe da guduma, ko ɗaga ta bai yi ba.

A ciki, yayansa kafinta yana kwance rub da ciki kan katako, ƙeyarsa ta lotsa. Jini ya fantsama har bango. Sufeto ya dubi bangon, ya dubi gaban rigar Auta: fes, ko ɗigo babu.

Saje ya murɗe wa Auta hannu don ya ƙwace gudumar, har yatsa ya yi ƙas. Bai saki ba.

"Ƙyale shi," in ji Sufeto. Ransa ya ɓaci.

Wani dattijo cikin babbar riga ya matso. "Ranka ya daɗe, ni ne baffansu. Yaron yana da taɓin hankali, na sha cewa a ɗaure shi. Amma da sauƙi, lauya ya ce doka ba ta rataye mahaukaci. Asibiti za a kulle shi har ƙarshen ransa."

"Yaushe ka ga lauyan?"

Baffa ya yi tari. "An kwana biyu."

"Yau ka shigo shagon nan?"

"Ko kusa. Ihu ne ya fito da ni."

Sufeto ba ya ƙaunar mutumin da ya tanadi lauya tun gawa tana yawo da ƙafarta. Ya zagaya gidan da ke bayan shagon, ya tarar da mahaifiyarsu a ƙasa, ta yi kuka har muryarta ta dushe.

"Mama, Auta yana duka?"

"Bai taɓa ba, ɗana. Ciwonsa ɗaya ne: in ka ba shi riƙon abu, ba ya saki sai kai da ka ba shi ka karɓa. Na taɓa ba shi bokiti na manta, har rana ta faɗi yana tsaye."

"Shagon na waye?"

"Gadonsu ne su biyu. Kotu ta ɗora yayan a kan rabon Auta. Baffansu ya kawo mai saye, yayan ya ce ba zai sa hannu a sayar da haƙƙin mara lafiya ba."

Sufeto ya koma bakin shagon, ya tsuguna.

"Auta, ka gaji. Mayar wa mai ita."

Auta ya miƙe yana ɗingishi. Ya wuce tela, ya wuce mai shayi, ya wuce waɗanda suka dake shi. Gaban Baffa ya tsaya.

"Baffa, ga ta. Na riƙe da kyau, ban ajiye ba."

"Maganar mahaukaci ba shaida ba ce," in ji Baffa.

"Wataƙila," in ji Sufeto. "Cire babbar rigar mu gani."

Baffa ya fizge gudumar ya kai wa Auta duka a ka. Saje ya yi kukan kura ya doke Baffa ƙasa, bakinsa ya daki dakali, rigar ta yage. 'Yar cikin da ke ƙasa duk feshin jini ce.

"Ni ne," ya ce yana tofar da haƙori. "Na ce ai shi Auta ba za a kashe shi ba. Me ya sani? Da gida da asibiti duk ɗaya ne a wurinsa."

Aka buga masa ankwa aka jefa shi mota. Masu sanduna suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Auta ya leƙa cikin shagon, ya juyo wurin mahaifiyarsa.

"Mama, a tashe Yaya. Bai ba ni maganin safe ba."