Jaki, Guga da Littafin Kifaye

A wani ƙauye kusa da Cadakori akwai wani yaro mai son karatu ƙwarai. Idan ya buɗe littafi, sai ya nutse a cikinsa. Ba ya jin kira, ba ya jin yunwa.

Rijiyar ƙauyen tana da zurfi, don haka jaki ke jan igiya. Mahaifinsa, Malam Rabo, yakan tsaya a bakin rijiya, yaron kuma ya kora jakin gaba. Idan guga ya iso sama, uban ya ce, "Tsaya!" sai yaron ya tsayar da jaki nan take.

Wata rana malaminsa na lakol, wato makarantar boko, wanda ake kira Mushe Ayuba (Mushe shi ne malamin boko a can), ya ara masa littafi mai labarin kifayen teku. Ran Asabar yaron ya tafi da shi rijiya. Yana tafe bayan jaki, idonsa na kan takarda.

Guga ya iso sama.

"Tsaya!" in ji Malam Rabo. "Tsaya mana! Kai!"

Yaron bai ji ba. Jaki ya ci gaba da ja. Guga ya daki itacen bakin rijiya, igiya ta tsinke, guga ya koma ƙasa, tinjim!

Shanu da awaki suka yi ta kukan ƙishirwa. Sai wajen azahar aka fito da gugan da ƙugiya.

"Kifayenka sun sha ruwa, Malam Karatu," in ji yayarsa Husaina, "awakinmu fa?"

Malam Rabo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ran Litinin ka mai da wa Mushe littafinsa. Kada ka ƙara shigo da wani littafi gidan nan."

Ran Litinin yaron ya miƙa littafin, idonsa cike da ƙwalla.

"Har ka gama?" in ji Mushe Ayuba.

"A'a, Mushe. Baba ya hana." Ya faɗa masa abin da ya faru.

Mushe ya ce, "Babanka yana da gaskiya. Nutsewa cikin abu baiwa ce, amma hankali ɗaya gare ka. A rijiya, ka miƙa shi duka ga muryar babanka. Littafin zai jira ka a kan teburina."

Da Asabar ta zagayo, Mushe Ayuba ya biyo ta rijiya a kan babur. Ya yi ta gai da yaron, har da ɗaga hannu. Yaron ko waiwaye bai yi ba. Kunnensa yana wuri ɗaya.

"Tsaya," in ji Malam Rabo a hankali.

Jaki ya tsaya cak. Guga ya fito cike taf.

Malam Rabo ya yi dariya. "Mushe, kada ka ji haushi. Yau cikin aiki ya nutse."

"Na gani, Malam. To, littafin fa?"

"Ba shi abinsa. Amma ya karanta a inuwa, bayan dabbobi sun sha."

Da yamma Mushe ya kawo littafin, yaron ya zauna gindin gawo yana karatu, Husaina tana leƙen hotunan kifaye.

Yara, yana da kyau mutum ya ba abin da yake yi dukkan hankalinsa. Amma ya fara ba da shi ga aikin da aka danƙa masa.